Hutu a jirgin kanal: Birtaniya ko kudancin Faransa?

Yayana ne ya jawo wannan rubutu. Yana shirin kawo iyalinsa hutu Turai, har da Hajiyarmu, kuma tun da ya ga hotunan da na tura gida muna cikin wani dogon jirgi kore a tsakiyar gonaki, zancen bai bar bakinsa ba. Ya kira ni ranar wata Asabar ya ce, "Kai da ka yi duka biyun, wanne za mu yi, na Ingila ko na Faransa?" Na ce, "Yaya, ku nawa ne masu ƙarfin tura ƙofa?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ba wasa nake ba, kusan duk zaɓin a nan ya rataya.

Wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kadawa da Kura, wanda ke ɗauko ruwan Tiga ya kai gonakin shinkafa da tumatir, ya riga ya san rabin zancen. Hanyar ruwa ce da mutum ya haƙa da hannunsa. Bambancin shi ne na Turai an haƙa su ne don jigilar kaya, tun kafin zuwan jirgin ƙasa. A Ingila, kanal ɗin Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal birnin Manchester shi ya buɗe ƙofa, sauran suka biyo baya. Da jirgin ƙasa da mota suka ƙwace kasuwar, hanyoyin suka mutu, daga baya masu yawon hutu suka farfaɗo da su. Yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012, tana kula da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales.

Ruwan kanal a kwance yake, ba ya hawa tudu. To idan ƙasa ta tashi fa? Sai a gina wani ɗaki na bulo ko dutse marar rufi, mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a ɗaga wasu ƙananan tagogi da ke ƙarƙashin ruwa, ruwan ɓangaren tudu ya kwararo ya cika ɗakin, jirgin ya taso tare da shi. Idan ruwan ciki ya yi daidai da na gaba sai a buɗe ƙofa a wuce. Mai gangarowa kuma akasin haka, a zubar da ruwan ne ya sauka. Turawan Ingila suna ce wa wannan ɗaki lok, Faransawa kuma ekuluz. Zan riƙa cewa lok.

Akwai abubuwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai. Ba a neman lasisin tuƙin jirgi daga mai haya. Kamfanin zai nuna maka yadda ake tayar da inji, yadda ake tsayawa da yadda ake ɗaure igiya, cikin awa ɗaya ko biyu, sannan ya miƙa maka makulli. A cikin jirgin ake kwana, a yi girki, a yi wanka. Ba a tafiyar dare. Kuma tafiyar ta hawainiya ce: iyakar gudu a kanal ɗin Birtaniya mil 4 ne a awa, a Canal du Midi na Faransa kilomita 8. Tsoho mai yawo da karensa a gefen ruwa zai wuce ka, ya kuma ɗaga maka hannu.

Daga nan hanya ta rabu.

Jirgin Birtaniya siriri ne, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da ɗan kaɗan, domin tsofaffin lok ɗin tsakiyar Ingila ƙafa 7 ne kawai. Tsawo kuwa yana iya kaiwa ƙafa 70. Na ƙarfe ne, mai nauyin tan goma sha wani abu. Cikinsa kamar taragon jirgin ƙasa: kicin, falo, banɗaki da ɗakunan kwana duk a jere, mutum biyu ba sa wuce juna a lungun sai ɗaya ya karkace. Ba shi da sitiyari. Wata doguwar sanda ce a baya, ka tura ta hagu jirgi ya nufi dama, ka tura ta dama ya nufi hagu. Duk wanda ya saba da mota sai ya sha kunya a awar farko. Ni dai ban yi minti ashirin ba na sa hancin jirgin cikin ciyawar gaɓa, matata na gaba tana cewa, "Baban yara, ai can ne hanyar." Birki ma babu, sai ka sa giyar baya ka jira nauyin ya yarda ya tsaya. Direba a waje yake tsaye, babu rumfa, ko ruwa ake ko iska.

Na Faransa kuwa fari ne mai faɗi, jikinsa na roba mai tauri, yana da sitiyari irin na mota, galibi ma biyu, ɗaya a ciki ɗaya a saman bene. Ɗakunan sun fi sakewa, a manyan jiragen kowane ɗaki da banɗakinsa, kuma akwai fili a sama da iyali za su zauna su ci abinci. Aibinsa rashin nauyi. Yankin Canal du Midi yana da iska mai ƙarfi da ke bugowa daga arewa maso yamma, kuma idan ta taso sai ta riƙa tura jirgin gefe kamar ƙwarya a kan tafki, daidai lokacin da kake ƙoƙarin saita shi da bakin lok. Shi ya sa za ka ga an zagaye jiragen haya da robobin kare karo.

Ga mai iyali da ke son a raba wurin kwanan maza da na mata, ko mai tafiya da suruka, jirgin Faransa ya fi rufin asiri. A siririn jirgi sau da yawa sai ka ratsa ɗakin wani kafin ka kai ɗaya ƙarshen, don haka a duba zanen cikin jirgin da kyau kafin a biya.

Yanzu batun ƙofa. A Birtaniya, ku ne ma'aikatan lok. Kamfanin zai ba ku wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da sifanar kwance taya. Idan kun iso, ɗaya ya zauna kan tuƙi, ɗaya ko biyu su sauka da ƙarfen. A soka shi a bakin injin tagar, a yi ta juyawa yana ƙara, ƙwas ƙwas ƙwas, har tagar ta ɗago. A jira ruwa. Sannan a jingina baya da wani ƙaton gungumen katako mai fenti baƙi da fari, a kafa dugadugai a ƙasa, a tura. Ƙofar ba za ta motsa ba muddin ruwan ɓangarorin biyu bai daidaita ba, ko da tazarar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, don haka gaggawa ba ta da amfani. Bayan jirgi ya fita a mayar da komai a rufe. Kowane lok yana cin kamar minti 15, idan babu layi. Masu jirgi suna da wani lissafi mai sauƙi: ka haɗa yawan mil da yawan lok, ka raba da 3, abin da ya fito su ne awannin tafiyarka. Mil 9 da lok 9 awa 6 ke nan. Wanda ya tsara hutunsa da mil kaɗai zai ƙare yana tsere da rana.

Aikin akwai daɗi, kada a fahimce ni a baibai. Yaranmu sun fi tuna lok fiye da duk wata fada ko gidan tarihi da muka kai su. A bakin lok ne kuma Baturen Ingila, wanda a jirgin ƙasa ba ya ko kallon maƙwabcinsa, yake sakin baki. Zai taya ka tura ƙofa, ya tambaye ka daga ina, ya gaya maka wane ƙauye ne ke da famfon ruwa a gaba. Amma akwai haɗari guda da ya kamata kowa ya sani. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani dakali na dutse da ruwa ke rufewa. Idan kuna sauka kuma gindin jirgin ya tsaya a kansa, ruwa zai janye, gaba ya nutse, baya ya maƙale a sama. Ana shafa farin layi a bango don nuna iyakarsa. Mu ma saura ƙiris. Ina hira da wani mai jirgi, ban lura jirgin ya ja baya ba, sai na ji ƙarfe ya gogi dutse. Ƙanin matata da ke sama ya saki tagogin da sauri, ruwa ya tsaya, muka sake cika ɗakin muka gyara tsayuwa. Duka abin bai kai minti biyu ba, amma ranar ban ƙara yin hira a cikin lok ba.

A Canal du Midi, mafi yawan lok suna da ma'aikaci, kuma da lantarki ƙofofin ke aiki. Naku aikin igiya ne kawai: ɗaya ya sauka kafin a shiga, ya karɓi igiyar gaba da ta baya, ya zarga su a turaku ya miƙo muku. Ɗakunan ba masu kusurwa huɗu ba ne, siffar ƙwai gare su, kuma akan cusa jirgi uku ko huɗu a lokaci guda. Idan ana hawa, ruwan yana shigowa da ƙarfi, sai an riƙe igiya da gaske. Idan ana sauka kuma, ka'ida ɗaya ce: kada a ƙulle igiya, a riƙe ta a hannu ana sassautawa, in ba haka ba jirgi zai rataye a bango. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne da tsakar rana komai yana tsayawa. Ma'aikaci ya tafi cin abinci, kuma ko da saura jirgi ɗaya tak, sai ya dawo. Da yamma ma akwai lokacin rufewa. A Birtaniya kai ke riƙe da lokacinka, a nan agogon ma'aikaci ne ke riƙe da shi. A watannin Yuli da Agusta layi yakan yi tsawo, ka wuni rabin yini a rana kana jiran a zo kanka.

To wace hanya a Birtaniya? Domin ba duka ba ne ke karya ƙugu. Ga sabon shiga, ban san wadda ta fi kanal ɗin Llangollen ba, wanda ya taso daga Hurleston a Ingila ya shiga arewacin Wales. Tsawonsa mil 40 da 'yan kai, lok 21 ne kawai, kuma dukkansu suna can ɓangaren Ingila, har da shida na Grindley Brook waɗanda uku daga cikinsu a manne suke kamar matakalar bene. Wanda ya ɗauki jirgi a kusa da Chirk ko Trevor zai kai garin Llangollen ba tare da ya taɓa lok ko ɗaya ba, kuma idan ya juya gabas zuwa Ellesmere, lok 2 ne a New Marton. Kwana uku ko huɗu sun isa wannan yanki.

A wannan hanyar ne gadar Pontcysyllte take, wadda Thomas Telford da William Jessop suka kammala a 1805, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Kwatami ne na ƙarfe cike da ruwa, mai tsawon mita 307, a kan ginshiƙan dutse, mita 38 sama da kogin Dee. Faɗinsa daidai jirgi ɗaya. A gefe guda akwai hanyar ƙafa mai makari. A ɗaya gefen babu komai, sai leɓen ƙarfe da ya ɗan ɗara ruwa, daga nan sai sarari. Direba da ke tsaye a baya, in ya kalli ƙasa, kan bishiyoyi yake gani da tumaki ƙanana kamar farin wake. Matata ta shige ciki ta ja labule tana salati, ɗanmu kuma ya ce a juya a sake. Kusa da nan akwai gadar Chirk da ke kan iyakar Ingila da Wales, da wani rami mai duhu da ya haura mita 400, wanda ake ratsawa da fitilar gaba ruwa na ɗiga a wuya. Sai dai a san abu biyu. Hanyar tana cika a lokacin hutun makaranta. Sannan daga Trevor zuwa Llangollen akwai wuraren da suka matse har jirgi biyu ba sa gilmawa, dole wani ya sauka ya yi gaba da ƙafa ya dubo ko akwai mai tahowa. Ruwan wannan kanal daga kogin Dee ake ɗebo shi, yana ɗan gudu, don haka mai hawa zuwa Llangollen ya fi mai dawowa jinkiri. Wannan gudun yana da amfani: a shekarun fari, kamar 2022 da aka rufe lok a wasu hanyoyin arewacin Ingila saboda ƙarancin ruwa, shi ba ya cika rasa ruwa.

Idan kuwa matasa ne majiya ƙarfi, 'yan jami'a biyar ko shida da suka haɗa kuɗi, ga Caen Hill a kanal ɗin Kennet da Avon, kusa da garin Devizes. Lok 29 ne cikin mil 2, ana hawa mita 72, kuma 16 daga cikinsu a jere suke ɗaya bayan ɗaya a jikin tudu. John Rennie ne ya tsara su, aka buɗe a 1810. Ana kwashe awa biyar zuwa shida, kuma ƙofofin nan manya ne don lok ɗin suna ɗaukar siririn jirgi biyu kafaɗa da kafaɗa. Washegari jiki magayi. Wanda ke son wannan hanyar ba tare da wahalar ba, sai ya tsaya tsakanin birnin Bath da Bradford-on-Avon, inda ake tafiya mai nisa babu lok, ana ratsa gadojin ruwa na Dundas da Avoncliff. Amma jiragen da mutane ke zaune a ciki sun yi layi a gaɓar nan, kuma ladabin ruwa shi ne ka rage gudu in za ka wuce jirgin da ke ɗaure, don haka tafiyar takan zama rarrafe.

Canal du Midi ya girmi duk waɗannan. Pierre-Paul Riquet, ɗan garin Béziers mai karɓar harajin gishiri, shi ya shawo kan fadar Sarki Louis na 14, aka ba da izinin aikin a 1666, aka buɗe a 1681. Ya zuba dukiyarsa a aikin, ya rasu a 1680, watanni kaɗan kafin jirgin farko ya wuce. Babbar dabararsa ita ce samo ruwa: ya tattaro ƙoramun tsaunin Montagne Noire, ya tara a madatsar Saint-Ferréol, ya kai su Naurouze, wuri mafi tudu a hanyar, inda ruwan ke rabuwa, wani ya nufi Toulouse wani ya nufi Bahar Rum. Tsawon kanal ɗin kilomita 240, lok 63, kuma UNESCO ta karrama shi a 1996.

Ba wanda ke cinye shi a mako guda. Ana zaɓar yanki. Daga Castelnaudary zuwa Carcassonne zuwa Trèbes lok suna da yawa, amma lada shi ne tsohon birnin Carcassonne mai ganuwa biyu da hasumiyoyi a kan tudu. Duk Bakano ko Bakatsine da ya gan shi sai ya tuna badala, ya kuma ji ɗan takaici. Yankin da nake ba mai tafiya da dattawa shawara shi ne daga Argens zuwa Béziers: kilomita 54 babu lok ko ɗaya. Kanal ɗin yana bin ƙugun tudu yana lanƙwasa tsakanin gonakin inabi, ya wuce Le Somail mai tsohuwar gadar dutse da wani katafaren shagon tsofaffin littattafai, ya wuce Capestang mai ƙaramar gadar da sai an sunkuyar da kai, ya ratsa ramin Malpas, wanda aka haƙa tun zamanin Riquet kuma bai kai mita 200 ba. A ƙarshe sai matakalar Fonseranes a bakin Béziers, ɗakuna 8 da aka gina a manne don saukar da jirgi kimanin mita 21. Akwai lokacin masu hawa da lokacin masu sauka, kuma 'yan kallo cike a gefe da wayoyinsu, duk kuskuren da ka yi da igiya a idon jama'a ne.

Wani abu da hotunan talla ba sa nunawa: bishiyoyin da suka yi wa Midi suna, manyan itatuwa kimanin 42,000 da suka yi masa rumfa hagu da dama, wata cutar itatuwa da aka gano a 2006 ta kama su. An sare dubbai masu yawa, ana dasa wasu iri a madadinsu, amma sababbin ba su kai yin inuwa ba. A wurare da dama yanzu rana ce tsagwaronta. Shi ya sa aka hana ɗaure jirgi a jikin bishiya, turaku ake kafawa. Mu 'yan ƙasar zafi mukan raina zafin Turai, to a Agusta kudancin Faransa yana haura digiri 30 cikin sauƙi, kuma jirgin roba da ya sha rana tun safe ba ya kwanuwa da wuri. Mayu, Yuni da Satumba sun fi. A Wales matsalar akasin haka ce, ko a tsakiyar bazara a tafi da rigar ruwa da rigar sanyi. Tsakanin Nuwamba da Maris kuwa lokacin gyaran lok ne a ƙasashen biyu, ba lokacin wannan hutu ba ne.

Ƙauyukan ma halinsu daban. A Ingila da Wales, zuciyar ƙauyen bakin kanal ita ce mashaya, a nan ake sayar da abinci mai zafi, kuma iyalai da yara suna zama a lambunta. Wanda bai saki jiki da shiga ba zai dogara da kicin ɗin jirgi. Ko kifi da dankalin da kowa ke gudu gare shi, a tambaya, domin wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. A Midi, ƙauye yana da gidan burodi da ke buɗewa da sassafe, da kasuwar mako ta kayan lambu, zaitun, cuku da kankana. Yaro ya hau keke, wanda ake hayarsa tare da jirgin, ya dawo da burodi mai ɗumi kafin shayi ya tafasa. Amma shaguna suna rufewa da rana, da yammacin Lahadi kuma kusan komai a kulle yake. Abincin da Castelnaudary ke alfahari da shi, wato kasule, wake ne da nama, kuma akwai naman alade a ciki. Naman halal a ƙauye ba a samunsa a ƙasashen biyu. A Faransa ya fi kusa, don Carcassonne, Narbonne da Béziers suna da jama'ar Arewacin Afirka da mahautansu da masallatansu. A hanyar Llangollen sai a yi sayayya tun daga babban gari kafin a iso. Firjin jirgi ƙarami ne. Mu kilishi, garin rogo, yaji da busasshen kifi ne suka rufa mana asiri.

Sallah ba ta da wuya, tsari take so. Ana tsayawa inda aka ga dama, a kafa turaku, a shimfiɗa darduma a kan ciyawa, sai dai a duba wurin da kyau saboda masu yawo da karnuka. A cikin siririn jirgi mutum ɗaya ne ke samun wurin sujada a lokaci guda, a benen jirgin Faransa kuwa ana iya yin jam'i. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kuma tun da kanal yana lanƙwasa, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar, sai an sake duba waya. A watan Yuni a Wales rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma ya keto tun mutane ba su yi nisa da barci ba. A tafi da buta. Ruwan jirgi a tanki yake, gidan da ake alwala sau biyar da wanka kullum sai ya riƙa tsayawa a famfo kusan kowace rana.

Akwai maganar da ba ma son yi: da yawanmu ba mu iya ruwa ba. Kanal ɗin Birtaniya a mafi yawan wurare bai fi ƙirjin babban mutum ba, amma lok yana da zurfi, bangonsa da santsi, ruwansa kuma yana juyawa. Kamfanoni suna ba da rigar ceto. A sa wa yara, babban da bai iya iyo ba shi ma ya sa, babu abin kunya. Kada kuma a hura gawayi a cikin jirgi, ko don gashi ko don turaren wuta, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Kuɗi kuwa, jirgi ake haya ba kujera ba, don haka mutum shida sun fi biyu samun sauƙi. Farashi yana tsalle a hutun makaranta na Yuli da Agusta a ƙasashen biyu. A tambayi abin da ba ya cikin farashin: man jirgi, kuɗin ajiya ko inshorar ɓarna, wurin ajiye mota. A Faransa man ana yawan lissafa shi ne da awannin da inji ya yi yana aiki, kuma tashoshin gari masu wuta da ruwa ana biyan kuɗin kwana. A Birtaniya ɗaure jirgi a gaɓar hanyar ƙafa kyauta ne a mafi yawan wurare, ko da yake a cikin garin Llangollen ana biya. Wani bambanci: kamfanonin Midi sun saba barin mutum ya ɗauki jirgi a gari ɗaya ya ajiye a wani, da ƙarin kuɗi. A Birtaniya galibi inda ka ɗauka nan za ka mayar, sai dai ka je ka dawo ko ka bi hanyar da ta zagaye. Dogon jirgi kuma ba ko'ina yake juyawa ba, akwai wuraren da aka faɗaɗa don haka, in ka wuce ɗaya wataƙila sai ka ƙara awa guda kafin na gaba.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, biza ma tana yanke hukunci tun kafin a kai ga zancen jirgi. Ta Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa, ta Shengen da ake shiga Faransa da ita ba ta shigar da shi Birtaniya. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Ingila, Llangollen tafiyar awanni ce a mota ko jirgin ƙasa, babu layin ofishin jakadanci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa da ke zaune a Faransa, harshe yana hannunsu, kuma ma'aikacin lok yakan sake fuska da wanda ya gaishe shi da Faransanci.

Abin da na gaya wa Yaya ke nan. Su bakwai ne: shi, matarsa, yara huɗu wanda babbansu bai wuce 12 ba, sai Hajiya da ciwon gwiwa. Mai tura ƙofa ɗaya ne, kuma shi ne direban. Na ce ya manta da Caen Hill. Da sararin jirgi kaɗai za a duba, da na ce ya tafi Argens, Hajiya ta zauna a bene ƙarƙashin lema tana jan carbi har Béziers. Amma hutun yaran a Agusta yake, lokacin da Midi ke cike da zafi da layi, bizar Birtaniya ce a hannunsu, kuma ba mai jin Faransanci a cikinsu. Don haka muka tsayar da kwana huɗu daga Chirk: a je Llangollen a dawo, in lokaci ya rage a gangara New Marton yara su ɗana lok biyun nan. Na ce ya nemi jirgi mai banɗaki biyu da faffaɗan baya inda za a ajiye wa Hajiya kujera, ya kuma tambayi tsayin matakalar shiga ciki kafin ya biya. Ni zan ɗauki hutu in zo in riƙe ƙarfen.

Hajiya da aka nuna mata hoton gadar a waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan in an zo nan ku sauke ni, na bi ta ƙasa." An yi mata bayani cewa hanyar ƙasa gangara ce da hawan tudu, mai sauƙin ita ce hanyar ƙafar da ke kan gadar, mai makari. Ta ce to za ta gani in an je.